Lambar Waya Amana Ce

Yadda lambobin jama'a ke faɗawa hannun waɗanda ba a ba su ba, a gundumomin Madawa, Buza da Keita

Kamar yadda kowa ya sani, a ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗa wa gidan mutum kai tsaye. Yakan tsaya ƙofar zaure ya yi sallama, a aiko yaro ya tambaye shi daga ina, sa'an nan maigida ya fito, ko kuwa a ce a dawo an jima. Wayar salula ta zo ba ta da zaure. Duk wanda ya riƙe lambobi 8 na mutum yana iya isa gare shi har cikin ɗakinsa, da tsakar dare ko da asuba, ba da izinin kowa ba.

Saboda haka ne a kasuwannin Madawa da Tunfafi, da tashoshin motar Buza da Keita, ake yawan jin koke iri ɗaya. Wata murya da ba a sani ba ta kira, amma ta san sunan mai waya, ta san garinsu, wani lokaci har ta ambaci sunan ɗansa da ke Libiya. Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce: wa ya ba shi lambar?

Mutane da yawa suna ɗora laifin ga wasu injuna na ƙasashen waje. Akwai gaskiya cikin wannan zato, za a kuwa zo kansa. Amma hanyoyin da suka fi kusa da talaka suna nan cikin gari: cikin littafin mai sayar da kati, cikin takardar rabon taimako, da cikin wayar ɗan'uwa ko aboki. Lambar mutum ta fi zama hannun wasu bisa ga hannunsa. Don haka tsaronta aiki ne na mai ita da na duk wanda aka damƙa wa ita.

DAGA GIDAN WAYA ZUWA ALJIHU

A da, wayar tarho abu ce ta gidan waya, da ofisoshin gwamnati, da manyan ƴan kasuwa kaɗan. Lambobin kuwa ana buga su cikin wani littafi na musamman wanda kowa ke iya dubawa, kuma ba wanda ya damu, domin wayar tana bisa tebur a ofis, ba ta bin mutum gona ko ɗakin kwana. Mutumin Garhanga ko na Tabotaki da ya tafi biɗa, watau ci-rani, zuwa Abijan ko Legas, wasiƙa yake aikowa ko kaset ta hannun wani mai komowa gida.

A shekara ta 2001 kamfanin Celtel ya soma aikin wayar salula a Nijar. SahelCom da Telecel suka biyo baya, Orange kuma ya shigo a 2008. Sunayen sun yi ta canzawa. Celtel ya koma Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Telecel ya koma Moov. An haɗa Sonitel da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecoms. Orange kuwa an sayar da shi a 2019, daga baya ya koma Zamani.

Amfanin waya ba a ɓoye yake ba. Manomin albasa na fadamar Tarka yana tambayar farashin buhu a Galmi kafin ya yi wa mota lodi. Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta ga shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Haka kuma a 2010, bayan ƙarancin abincin da ya biyo bayan fari, ƙungiyar Concern ta raba wa iyalai na wasu ƙauyukan jahar Tawa kuɗin sefa jika 22 kowane wata har wata 5, wani kashi daga cikinsu kuwa ta waya ya karɓa, ta hanyar Zap ta kamfanin Zain. Tun daga lokacin mutanen karkara suka ga cewa lamba tana iya zama aljihu.

ABIN DA LAMBA TA ƘUNSA

A farkon zuwan salula, ana sayen layi a bakin hanya kamar goro, ba a tambayar sunan kowa. Daga baya gwamnati ta wajabta a rubuta sunan kowane mai layi bisa ga takardar shaidarsa. A watan Nuwamba na 2013 aka rufe layuka wajen miliyan 1 da dubu 700 waɗanda masu su ba su yi rajista ba, watau kimanin kashi 1 cikin 3 na layukan ƙasar a wancan lokaci. Dalilin da magabata suka bayar shi ne hana miyagu ɓoyewa bayan layin da ba shi da suna.

Daga nan lamba ta ɗauki nauyin da ba ta da shi a da. Tana ɗaure da sunan mai ita. Da ita ake buɗe asusun kuɗi na waya. Da ita ake shaida wa mutum cewa kuɗin da ɗansa ya aiko daga Aljeriya sun iso. Da ita ake buɗe WhatsApp da Facebook. Wanda ya san lambar mutum bai riga ya shiga asusunsa ba, amma ya tsaya bakin ƙofa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya lallashi mai gida ya miƙo masa mabuɗi da hannunsa.

HANYA TA FARKO: TAKARDU DA LITTATTAFAI

Wanda zai sa kuɗi a wayarsa ba tare da sayen katin kankarewa ba, sai ya faɗa wa mai sayarwa lambarsa. Sau da yawa da ƙarfi ake faɗa, cikin taron kasuwa, a maimaita sau biyu don kada a yi kure. Mai sayarwa yakan rubuta ta cikin littafinsa, ko ta zauna cikin wayarsa. Littafin nan yana kwana bisa tebur, yaron shago yana buɗawa, abokan hira suna buɗawa. Mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, amma littafi ba ya zaɓen mai karanta shi. A ƙasar Indiya abin ya kai matsayin ciniki: a 2017 jaridar Hindustan Times ta bayyana cewa wasu masu shagunan sa kuɗin waya a jahar Utar Paradesh suna sayar wa samari lambobin ƴan mata, farashi kuwa gwargwadon kyan yarinya.

A ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba, mai cajin waya yakan riƙe wayoyi masu yawa tun safe har la'asar. Wayar da ba a kulle ta da lambar sirri ba, littafi ce buɗaɗɗe: sunayen ƴan'uwa, saƙonnin kuɗi, da lambar mai ita kanta, duk suna ciki. Haka abin yake wajen mai gyaran waya, da wajen mai zuba waƙoƙi da wa'azi cikin ɗan katin ajiya.

Sai kuma gidajen aika kuɗi. A nan ana rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa, da lambobinsu, da adadin kuɗin, duk bisa takarda guda. Mutane da yawa in sun karɓi kuɗinsu sai su yar da takardar a ƙofar wurin. Wanda ya tsince ta ya san abu uku a lokaci ɗaya: wane ne ya sami kuɗi, nawa ya samu, da yadda za a kira shi.

Takardun da suka fi kowanne yawan lambobi su ne na ayyukan jama'a. Gundumomin nan uku sun daɗe da saba wa da rajista, tun daga dashen itatuwan kare iska na fadamar Majiya da aka soma a 1975, zuwa babban aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. A wancan zamani suna da ƙauye kawai ake rubutawa. Yau kusan kowace takarda tana da gurbin lambar waya: rabon abinci, sayar da hatsi da rahusa, takin zamani, rajistar ƙungiyar manoma, takardar iyayen yara a makaranta, littafin gidan likita, takardar halartar taro. Wani lokaci akan liƙa jerin sunayen waɗanda suka dace jikin bango don a nuna ba a yi son kai ba, manufa mai kyau, amma sai a bar gurbin lambobin a buɗe. Mai wucewa ya ɗauki hoto, kafin la'asar hoton ya kai Tawa, ya kai Yamai.

Akwai kuma lambobin da masu su ke bazawa da kansu: jikin shago, jikin mota, cikin katin gayyatar biki, ko cikin sanarwar cigiya da ake karantawa a gidan rediyo. Ga ɗan kasuwa wannan dole ne, domin da haka ciniki ke zuwa. Kuskuren shi ne a baza lambar da ke ɗauke da asusun kuɗi da zancen iyali.

HANYA TA BIYU: WAYAR WANI

Mutum yana iya tsare lambarsa iyakar ƙoƙarinsa, amma tana rubuce cikin wayoyin mutum hamsin ko ɗari da suka san shi. Kowace daga cikin wayoyin nan ƙofa ce.

Ta farko ita ce al'adar bayarwa. Wani ya ce a ba shi lambar wane, sai a karanto masa nan take, domin hana wa yana kama da rowa ko rashin zumunci. Sau da yawa ta haka ne lambar budurwa ko ta matar aure ke fita, ta hannun ƙane, ko ƙawa, ko yaron da aka ba wa dala ashirin.

Ta biyu ita ce rukunonin WhatsApp, waɗanda ake kira guruf. Kusan kowane gari yana da nasa: na ƴan asalin Tamaske mazauna ƙasashen waje, na tsofaffin ɗalibai, na masu albasa, na wa'azi. A cikin irin wannan rukuni kowane mamba yana ganin lambobin sauran, ko da bai taɓa saninsu ba. In kuma aka baza mahaɗin shiga rukunin, watau ɗan layin rubutun nan da ake latsawa a shiga, to duk wanda ya same shi ya shigo, ya kwafi lambobi ɗari biyu cikin ƴan mintoci, ya fita ba wanda ya lura. Sunan rukunin ma kansa ya riga ya gaya masa garin mutanen da sana'arsu.

Ta uku ita ce manhajoji, watau ƙananan tsare-tsaren da ake sa wa manyan wayoyi. Da yawa daga cikinsu suna neman izinin duba sunayen da ke cikin waya, mai waya kuwa ya latsa amincewa ba tare da ya karanta ba. Mafi shahara ita ce Truecaller, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Suwidin a 2009, mai nuna sunan wanda ke kira ko da ba a ajiye lambarsa ba. Wani ɓangare na sunayen nan daga wayoyin masu amfani da ita suka fito. Ke nan tsohuwar da ke Allakai, wadda ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, sunanta yana iya kasancewa can, yadda jikanta ya rubuta shi cikin tasa wayar. A 2019 hukumar kula da fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta buɗe bincike kan wannan manhaja saboda batun sirrin jama'a. Kamfanin dai yana da hanyar da mutum zai nemi a cire lambarsa.

HANYA TA UKU: DAGA NESA

Yanzu sai batun injuna. A watan Afrilu na 2021 aka baza bayanan masu amfani da Facebook wajen miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet, kyauta ga mai so. Cikin bayanan akwai lambobin waya, da sunaye, da garuruwa. An kwashe su ne tun 2019 ta wata kafa da ke cikin tsarin neman abokai ta lambar waya. Daga Najeriya kaɗai akwai mutum wajen miliyan 9. A watan Nuwamba na 2022 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar yuro miliyan 265. Tara dai an yanke, amma abin da ya bazu a intanet ba ya tattaruwa.

Wani lokaci kuma ba wanda ya ba da lambar, lissafi ne kawai. Lambobin Nijar 8 ne, biyu na farko suna nuna kamfani. Saura 6 ke nan, watau lambobi miliyan 1 ga kowane mafari. Kwamfuta tana iya aika saƙo ɗaya ga dukkansu bi da bi. Ba ta san kowa ba, jifa take yi cikin duhu. Amma wanda ya amsa saƙon, ko ya kira don ya ji wane ne, ya shaida mata cewa layin yana da rai, daga nan kuwa sai a ware lambarsa cikin waɗanda za a sake nema.

Akwai wata hanya da ta shafi ƴan biɗa musamman. Layin da ya daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sake sayar wa wani. Saurayin Ibohaman ko na Karofan da ya yi shekara biyu a Libiya, in ya bar layinsa na gida ya mutu, wata rana lambar tana hannun baƙo. Dangi suna ci gaba da kiranta, suna aika mata saƙon murya, baƙon kuwa yana jin sunaye da labarin gida. In mai tsoron Allah ne ya ce an yi kure. In ba haka ba, ya sami jari.

ABIN DA AKE YI DA ITA

Waɗanda suka fi shan wahalar wannan al'amari su ne mata. Kiran dare daga wanda ba a sani ba yana iya jawo zargi tsakanin miji da mata, musamman in mijin yana nesa kuma labarin ya iske shi ta bakin wani. Budurwa kuma a karɓe mata waya a gida bisa laifin da ba nata ba. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ko tabarma ta waya, in ta canza layi don gudun fitina, ta rasa masu sayenta.

Na biyu su ne ƴan damfara, dabarunsu kuwa sanannu ne. Wani ya ce mai waya ya ci kyautar kamfani, sai ya aiko da kuɗin takardu. Wani ya aiko da saƙon ƙarya mai kama da na shigowar kuɗi, sa'an nan ya kira da muryar tausayi ya ce kure ya yi, a mayar masa. Wani ya ce shi ma'aikacin wata ƙungiyar taimako ne, sunan mai waya ya fito, sai dai a biya kuɗin rajista. Wani kuma ya roƙi a karanto masa lambobi 6 da suka shigo ta saƙo, da su kuwa yake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, ya shiga roƙon kuɗi ga danginsa da sunansa. Mafi ciwo ita ce ta wanda zai kira uwa ya ce an kama ɗanta a hanyar Libiya. Da yake irin wannan kamu yana faruwa da gaske, uwar ba ta tsayawa bincike, sai ta sayar da akuyarta. Ƙarfin ɗan damfara duk yana cikin ɗan abin da ya sani: suna, gari, da sunan ɗa. Waɗannan kuwa daga takarda ko daga rukuni ya samo su.

Na uku shi ne batun tsaro, wanda ya fi shafar kudancin gundumar Madawa, inda ta yi iyaka da jahar Sakkwato. A watan Nuwamba na 2021 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙidaya mutum fiye da dubu 11 da suka tsallako daga Najeriya saboda hare-haren ƴan bindiga, suka sauka ƙauyukan ƙaramar hukumar Bangi. Masu satar mutane don neman fansa da waya suke cinikinsu, da ita kuma masu kai musu labari suke aiki. Shi ya sa a watan Satumba na 2021 mahukuntan Najeriya suka katse layukan waya a jahar Zamfara, daga baya da wasu yankunan Katsina da Sakkwato, na wani lokaci. A irin wannan wuri, lambar dillalin shanu ko ta babban manomin albasa ba abin bazawa ba ce.

ABIN DA DOKA TA CE

Jamhuriyar Nijar ba ta bar wannan fage ba doka ba. Doka mai lamba 2017-28 ta ran 3 ga watan Mayu na 2017 ita ce ta farko da ta tanadi kare bayanan da suka shafi mutum, ita ce kuma ta kafa babbar hukumar kare irin waɗannan bayanai, wadda ake kira HAPDP a taƙaice. Doka mai lamba 2022-59 ta ran 16 ga watan Disamba na 2022 ta zo ta maye gurbinta. Lambar waya tana cikin bayanan da ake nufi, domin da ita ana iya gane mutum.

Ƙa'idodin ba su da wuyar fahimta. Wanda zai karɓi bayanan mutum sai ya gaya masa dalili. Ba a amfani da su ga wani abin da ba shi aka faɗa ba. Ba a karɓar fiye da abin da aikin ke bukata, ba a kuma riƙe su bayan bukatar ta ƙare. Wanda ya karɓa, tsaronsu yana wuyansa. Mai bayanan kuwa yana da ikon ya tambayi abin da aka rubuta game da shi, ya sa a gyara kure, ya kuma ƙi yarda a riƙa aiko masa da talla.

Bugu da ƙari, doka mai lamba 2019-33 ta ran 3 ga watan Yuli na 2019 ta tanadi hukunci ga laifuffukan da ake aikatawa ta waya da intanet, har da damfara. Kamfanonin waya kuma suna ƙarƙashin sa idon hukumar ARCEP. Wanda aka damfara ko ake yi wa barazana, ya ajiye saƙon da lambar da ta kira, kada ya goge, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Kunya ita ce ke sa mutane da yawa yin shiru, shirun nan kuwa shi ke ba ɗan damfara damar zuwa ga maƙwabci gobe.

NAUYIN MA'AIKATA

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'aikacin gwamnati, da na ofishin magajin gari, da malamin gona, da malamin makaranta, da ma'aikacin ƙungiyar taimako, su ne ke riƙe da manyan takardun sunaye. Talakan da ya faɗi lambarsa gaban tebur bai yi haka don yana so ba, ya yi ne don in bai faɗa ba taimakon zai wuce shi. Wannan ya sa nauyin ya fi yawa ga mai rubutawa.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. Kafin a sa gurbin lamba cikin takarda, a tambaya ko aikin yana bukatarta da gaske. In za a liƙa jerin sunaye jikin bango, a liƙa suna da ƙauye, a bar lambobi cikin ofis. Kada a aika hoton takardar cikin rukunin WhatsApp mai mutane da yawa, a aika wa wanda aikin ya shafa shi kaɗai. Littafin rajista ya kwana cikin akwati mai makulli. In aiki ya ƙare kuma wa'adin ajiya ya cika, a ƙone takardun, kada su ƙare hannun mai ƙosai ko mai tsire ana ƙunshe abinci da su. Ɗan siyasa ko ɗan kasuwan da ya zo neman a ara masa jerin lambobin mutanen ƙauye, a gaya masa doka ta hana. Haka kuma ya kamata a riƙa shaida wa jama'a a fili, ranar rajista, cewa ba a biyan ko dala don shiga jerin taimako, kuma ba wanda zai kira su ya nemi lambar sirri.

NAUYIN MAI WAYA

Ga wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci, nan ne karatunsa zai yi masa rana. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa saƙo, ya ajiye masa suna, har ya buga masa lambar sirri a wurin karɓar kuɗi. Wanda ya iya, sirrinsa ya tsaya gare shi. An riga an gwada haɗa karatun manya da waya a ƙasar nan: a 2009 da 2010 ƙungiyar CRS ta gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jahohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa ɗalibai rubutu da lissafi tare da aiki da salula, aka kuma ga sun fi takwarorinsu na sauran azuzuwa samun sakamako. Ya dace malaman yaƙi da jahilci na Adar da Gobir Tudu su ƙara darasin tsaron lamba cikin abin da suke koyarwa.

Darasin kuwa gajere ne. A kulle waya da lambar sirri kafin a kai ta caji ko gyara, in ya yiwu a cire layi da katin ajiya. A wurin sa kuɗi, a rubuta lamba bisa ƴar takarda a nuna, a karɓe abin, maimakon a faɗa da ƙarfi. Takardar karɓar kuɗi a tafi da ita gida. Mai sana'a ya ware layin ciniki daban da na iyali da asusu. Lambar sirri ta asusu da lambobi 6 na WhatsApp ba a faɗa wa kowa, ko da mai kira ya ce daga kamfani yake. Mai babbar waya ya shiga wurin da aka rubuta Confidentialité cikin WhatsApp, ya zaɓi waɗanda aka yarda su ga hotonsa da waɗanda aka yarda su sa shi cikin rukuni. Tun 2023 ma akwai wurin da ake hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara. In aka kira da labarin wani ɗan'uwa na cikin wahala, a kashe waya, a nemi ɗan'uwan ko abokan zamansa ta lambar da aka saba, kafin a taɓa ko sisi. Mai tafiya biɗa ya bar layinsa ga amintacce ya riƙa raya shi, ko kuwa ya shaida wa dangi cewa ya bar shi.

Saura abu guda wanda ba ya bukatar karatu ko babbar waya. In wani ya nemi lambar wani, amsar da ta dace ita ce a karɓi ta mai nema a kai wa mai lambar, shi ya kira in ya ga dama. Ba rowa ba ce, ladabi ne irin wanda iyaye suka koyar game da sirrin maƙwabci. Shugabannin rukunonin gari, da limamai, da masu gari, da gidajen rediyon karkara, duk suna iya taimakawa wajen mayar da wannan ɗabi'a abin da kowa ya saba da shi, tun daga Sabon Gida har Tamaske. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare jama'a daga sharrin masu cin amana, ya kuma ba masu riƙon takardun jama'a ikon sauke nauyin da ke kansu.